Nomau da Jitar Sabi'u

Gidanmu yana bakin gari a Tsaunin Gamji, wani ƙauye da ke gabas da Saminaka, inda masara ta fi mutane yawa. Mu uku ne a gidan tun da mai gidana Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa: ni, da ɗana na fari, da ƙanensa Sabi'u. 'Ya'yana mata duk suna ɗakunan mazajensu. Na farin ba na kama sunansa na yanka, haka na taras iyayena suna yi. Ni Babba nake ce masa, mutanen gari kuwa Nomau suke kiransa, don tsakiyar noma aka haife shi. Da wannan sunan zan kira shi a nan.

Nomau ya haura talatin. Ƙato ne, shi kaɗai yake ɗaga buhun masara ya aza a ka. Ba ya ƙarya, ba ya zagi, salla ba ta wuce shi. Abu ɗaya ne dai: maganar da ta fito daga bakinka ita zai yi, ba ragi ba ƙari. Abin da ka bari a ranka kana zaton kowa ya gane, wannan bai shafe shi ba. In ka ce ya jira ka a gindin mangwaro ka manta, can za ka same shi ko da ƙanƙara ake yi.

Sabi'u kuwa ya daɗe yana ɗaukar wa masu kiɗan biki sifiku a Saminaka. A can hannunsa ya faɗa kan jita, irin mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda suke kira bes. Ba ta da zaƙin murya. Ita ce mai gurnani a ƙarƙashin waƙa, wadda ƙirji yake ji kafin kunne. Ya sayo wata tsohuwa 'yar gwanjo, ja, fentinta duk ya koɗe, da ƙaramar amfilifaya mai aiki da batirin mota. Ranar da ya shigo da ita ban yi murna ba, ban kuma yi faɗa ba. Kawar da kai kawai nake yi in na gan ta a jingine.

A daminar da nake ba ku labari, abokansa su Hashimu suka fara zuwa haƙar kuza a ramukan bayan Jos. Rami ne kamar rijiya, a zura mutum da igiya, ya yi ta rarrafe a ƙarƙashin ƙasa da tocila a goshi. Ɗan maƙwabciyata Tabawa can ya tafi, ƙasa ta rufta da shi, ko gawarsa ba a kawo mata ba. Ana cikin haka sai wani mai ƙungiyar kiɗa a Jos, ana ce masa Oga Gyang, ya aiko cewa mai kaɗa masa bes ya tafi da jitarsa, yana neman wanda yake da tasa. Zai gwada Sabi'u a ƙarshen wata.

Sabi'u ya durƙusa a gabana ya ce, "Inna, ba zan ɓoye miki ba. In Oga Gyang ya ɗauke ni, shi ke nan. In bai ɗauke ni ba, ba zan dawo in zauna ba. Rami zan bi su Hashimu."

Na san ɗana, in ya faɗa ya gama. Daga ranar jitar nan ta shiga cikin addu'ata.

Wata rana da hantsi, Sabi'u ya zauna a zaure yana koyon waƙoƙin da Oga Gyang ya aiko masa a memori, ɗan katin nan da ake sakawa a rediyo. Akwai wata ta rawar biki, mai zafi, da ta ƙi zama masa a hannu. Ya haɗa rediyon da amfilifaya don ya ji gurnanin sosai, ya zaunar da yayansa a gefe ya nuna masa madanni.

"Yaya, da ta ƙare ka danna nan ta koma farko. Kar ka tsaya sai na ce."

"Sai ka ce," in ji Nomau.

Ba a daɗe ba yaro ya leƙo da gudu ya ce tsohon nan Baba Ilu na bayan gidanmu ya cika, ana neman samari su haƙa kabari. Sabi'u ya jingine jita, ya saɓi diga, ya fita. Ni kuma na ja mayafi na shiga gidan rasuwar. Muna zaune mata sun yi jugum, ana ɗinkin likkafani, sai na lura waƙar rawar nan ba ta daina ba. Ta ƙare, ta dawo. Ta ƙare, ta dawo. Matan suka fara satar kallona. Na fito kamar in nutse, na taras Liman da dattawa sun cika ƙofar zaurenmu.

"Nomau, kashe abin nan, gawa za a fito da ita," in ji Liman.

"Allah gafarta Malam, Sabi'u bai ce ba."

Hawaye yake yi shaɓe-shaɓe, don Baba Ilu yana ba shi goro kullum. Waƙar ta ƙare, ya share ido da bayan hannu, ya danna. Ɗan mamacin ya yi kukan kura zai fizge wayar batir, Nomau ya kifa ƙirjinsa a kan kayan. Na ga in aka taɓa shi za a yi abin da ba a so a ranar makoki.

Na ce, "Babba, ya ce lalle a nan za ka zauna?"

Ya yi tunani. "Bai ce ba."

"To ɗauki kayan ka tafi fadama."

Ya aza batir a ka, ya rungumi amfilifaya da rediyo, ya kama hanya, waƙa tana tafe da shi cikin masara. Abin da na manta shi ne hanyar fadama ta gefen maƙabarta take bi. Sabi'u yana cikin kabari har ƙugu ya ji waƙarsa tana tunkaro su. Ya yi tsalle ya fito yana ihu, "Yaya, tsaya!" Nan take ta mutu.

Da yamma Mai Unguwa ya aiko. Kada a sake jin ƙarar amfilifaya a cikin gari sai an yi sadakar arba'in. Ranar gwajin kuwa ba ta kai arba'in ba. Dole Sabi'u ya riƙa kwasar kayansa zuwa bukkar gona.

A bukkar gonar ne jitar ta fara nuna ciwonta. Tana cikin gurnani sai ta yi ƙarar soya gyaɗa, sai ta ɗauke ɗif. Ya girgiza ta, ta dawo. Wani lokaci ta wuni lafiya, wani lokaci ba ta kai ƙarshen waƙa ɗaya. Ya sake kebur, bai yi magani ba. Ga tsirkiyoyin kuma sun tsufa, gumi da datti sun dushe musu murya.

Wata rana Sabi'u zai fita ban taki, ya ce, "Yaya, masu bes in tsirkiya ta dushe dafa ta suke yi, dattin ya fita. Ka sa ruwa ya tafasa sosai, ka dafa min su kafin in dawo."

Ina ɗaki ina tsintar wake, na ji ana faskare, na ji ana jan wani abu mai nauyi a tsakar gida. Na ɗauka itacen girki yake tara min. Da hayaƙin ya yi yawa na leƙo. Rabin duron da muke dafa dawa da shi lokacin biki, shi ya girka a kan duwatsu, wuta tana ci bal-bal, ruwa yana tafarfasa. Ga Nomau a tsaye a kan turmi, ya riƙe jitar ta gindi, kanta a ƙasa, yana saukar da ita a hankali cikin tururi.

Na fito daga ɗaki. Na san in na yi ihu zai firgita ya sake ta. Na taka a hankali har na zo kusa, na ce, "Babba, ɗaga hannunka sama."

Ya ɗaga. Ruwa yana ɗiga daga kan jitar, inda kunnuwan ɗaure tsirkiya suke.

"Sauko min da ita."

"Inna, ba su dahu ba. Yanzu na fara."

"Ya ce ka dafa katakon?"

"Bai ce ba. Amma a jikinsa suke, ya kuma ce kafin ya dawo."

Na karɓe ta na goge da zanena. Da Sabi'u ya dawo ya ga duro, ya ga kan jita ya yi fari-fari inda ruwan zafi ya taɓa, sai ya karɓe ta daga hannuna. Ya kwance tsirkiyoyin da kansa, ya naɗe su, ya jefa a ƙaramar tukunya. Nomau yana tsaye yana kallo, ya ce, "Au, ashe suna fita."

Sun yi haske kuwa, muryarsu ta dawo. Sai dai wajen mayar da su, ta biyun daga sama ta tsinke, can kusa da kunnenta.

Wata rana, kashegarin wannan, Sabi'u ya naɗe tsinkakkiyar, guntu biyu, ya damƙa wa yayansa. A Saminaka shago ɗaya ne ake samun irin wannan kaya, na wata mata da ake kira Maman Rifkatu, kusa da majami'a.

"Ka nuna mata wannan. Irinta sak nake so, kar ka yarda a ba ka wadda ta bambanta ko kaɗan."

Bayan azahar ya dawo yana fara'a, ya zaro takarda daga aljihu. Na karanta rubutun jikin takardar, lambar ta yi daidai da ta tsohuwar, na ce alhamdulillahi. Sabi'u ya buɗe. Sabuwa fil, tana ƙyalli, guntu biyu.

"Matar ta so ta cuce ni," in ji Nomau. "Ta ba ni doguwa guda ɗaya, ta ce ita kaɗai ta rage. Da na auna na ga ba sak ba ce, sai na kai wa bakaniken babur ya datse min daidai wurin. Duba ka gani, ko gashi ɗaya ba ta fi ba."

Sabi'u ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ya tashi ya zaga bayan gida. Ina wanke-wanke a gindin katanga na ji shi yana waya ƙasa-ƙasa: "Hashimu, har yanzu kuna neman hannu? A'a, tambaya dai nake." Kwanon da ke hannuna ya suɓuce. Ban ce masa na ji ba.

Da la'asar ya aro filaya, ya ƙulla guntayen sabuwar can sama inda yatsa ba ya kaiwa, ya ɗaure ta a hankali yana kawar da fuska. Ƙullin ya riƙe. Amma ɗaukewar murya tana nan.

Wata rana, ranar kasuwar Saminaka, aka yanke shawarar kai ta wurin Lurwanu mai gyaran rediyo. Sabi'u ba shi da halin zuwa, ranar ce aka ba shi aron injin feshi. Ya rataya wa yayansa jitar a cikin tsohon buhu, ya riƙe kafaɗunsa.

"Yaya, dubi idona. Ka kai ta shagon Lurwanu. Kasuwa ce yau, yara za su yi ta kai hannu. Kar ka bari kowa ya taɓa ta. Kowa."

Abin da ya faru a can Lurwanu ne ya ba ni labari daga baya. Nomau ya isa lafiya, ya yi sallama, ya zauna a benci da jita a cinya. Lurwanu ya ture rediyon da ke gabansa ya miƙa hannu. Nomau ya riƙe masa wuyan hannu, ba da ƙarfi ba, amma hannun bai ƙara gaba ba.

"Kai Nomau, ba gyara aka aiko ka ba?"

"An ce in kawo ta. Na kawo."

"To da ido zan gyara ta?"

"Ban sani ba, kai ne mai gyara."

Masu jiran cajin waya suka fashe da dariya. Wani ya ce a tofa mata addu'a daga nesa. Lurwanu ya kira Sabi'u, waya a kashe, yana gona. Mutane suka taru, masu tsokana suna kai yatsa suna janyewa, Nomau yana juya musu baya. Hayaniyar ta jawo 'yan banga. Su ba su san shi ba. Sun ga ƙato da kaya mai tsada a buhu, bai iya kaɗawa ba, ya kuma hana a duba. Suka ce na sata ne, ya miƙo. Ya ce ba zai miƙa ba. Lurwanu yana rantsuwa ya san gidansu, ba wanda ya saurare shi.

Wani ɗan acaɓa ɗan garinmu ne ya zo ya faɗa min. Ban san lokacin da na isa gona ba, ko takalmi babu. Muka hau babur ɗin mu biyu, Sabi'u yana huci, yana cewa yau sai ya gaya wa Yaya maganar da bai taɓa gaya masa ba. Na ce ya ji tsoron Allah, yayansa ne.

Muka same shi a ƙasa a ƙofar ofishinsu. Rigarsa ta yage har cibiya, leɓensa ya kumbura, bayansa duk shatar dorina. Ya dunƙule kamar kaza a kan ƙwai, jitar tana ƙarƙashinsa. Da ya ga ƙanensa ya ɗago kai.

"Sabi'u, ba wanda ya taɓa ta."

Maganar da Sabi'u ya zo da ita ban ji ta ba har yau. Ya tsuguna, ya sa hannun rigarsa ya goge masa jinin baki. Can ya ce, "Na gode, Yaya. Yanzu ba Lurwanu. Shi kaɗai." Nomau ya miƙa ta da hannu biyu. Babban 'yan bangan ya yi ta ba ni haƙuri yana cewa, "Baba, da ya yi bayani ai." Na ce masa ya yi, ba ku dai ji irin nasa ba ne.

Lurwanu ya ce bakin da ake soka kebur ne ya gaji, sai an kawo wani daga Kaduna. Jita ta kwana a shagonsa, ta sake kwana. Ana cikin jira Oga Gyang ya kira ya ce Sabi'u ya taho tun yanzu, akwai bikin da zai taya su ɗaukar kaya, ya kuma ji yadda suke kiɗa. Gwaji ranar Asabar, a aiko masa da jitar a mota. Da nake sa masa ƙuli-ƙuli a jaka na taɓa wani abu mai igiyar roba a ƙarƙashin kayansa. Tocilar goshi ce, sabuwa. Na mayar da ita yadda na same ta, na zuge jakar, na raka shi bakin hanya.

Ranar Alhamis Lurwanu ya kawo jitar da kansa. Tun daga yadda ya zauna na gane.

"Gwaggo, na sa sabon baki, na sake dalma, na duba duk inda na san dubawa. Tana yi kamar ba abin da ya taɓa samunta, sai kuma ta ɗauke. Ni mai rediyo ne. Iyakar sanina ke nan."

Na kira Sabi'u na faɗa masa gaskiya, don ba zan aika masa da ƙarya a buhu ba. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "A aiko ta haka, Inna. In ta ɗauke a gaban Oga, to haka Allah ya rubuta."

Wata rana, wato Juma'ar da za a aika ta, Sabi'u ya kira da safe ya ce a ba Yaya. Na sa wayar a sifika, da kunnena na ji.

"Yaya, jita ba ta tafiya a mota a ɗaure, wuyanta zai iya karyewa. Kafin a naɗe ta, duk abin da ke murɗuwa ka murɗa shi baya har sai ya saki. Ka gane?"

"Har sai ya saki."

Ni na san kunnuwan nan huɗu yake nufi, na sha ganinsa yana murɗa su. Shi ma ya san su yake nufi. Da wannan sakankancewar na shiga gidan Tabawa aron bargo da kwali. Na same ta ranar ɗanta ya faɗo mata a rai, ba ta ko kunna wuta ba. Ba a barin mutum a haka. Na zauna da ita, na dama mata koko, muka yi abin da ya sawwaƙa na addu'a. Sai da rana ta ɗaga sosai na dawo.

A tsakar gida Nomau ya shimfiɗa tabarma. Wuyan jitar yana gefe guda shi kaɗai, kamar taɓarya. Gangar jikin tana wani gefen, ramuka a buɗe, wayoyi ja da baƙi sun leƙo. Tsirkiyoyi a naɗe. Kunnuwa huɗu a jere. Ƙananan sukurori cike da tasar da nake shan fura. A hannunsa wuƙar yankan kuɓewata ce, bakinta ya lanƙwashe.

"Inna, na gama. Wasu sun yi gardama, amma duk sun saki."

Na zauna a ƙasa inda nake. Abin da ya zo min a ido ramin nan ne, da igiya, da fuskar Tabawa da na baro yanzu. Na yi salati na sake yi. Na kira Sabi'u, waya a kashe, suna wurin biki. Na aika a duba Lurwanu, an ce ya tafi Kaduna sayen kaya. Ɗanliti direba kuwa, wanda zai kai ta, ana sakkowa daga masallaci yake tashi, ba wata motar Jos daga garinmu sai wani makon.

Ban yi wa Nomau faɗa ba, me zan ce masa? Na ce ya miƙo min kayan ɗaya bayan ɗaya. Na juye sukurorin a leda na ƙulle, na naɗe wuyan a bargo, na naɗe gangar jikin a tsohon zanena, na cusa duka a buhun taki na ɗinke baki. Na ɗauki gawayi na rubuta sunan Sabi'u da lambarsa a jiki, da manyan baƙaƙe yadda na iya.

A tasha Ɗanliti ya dube ni ya dubi buhun.

"Gwaggo, ina jitar? An ce min doguwa ce, har na ware mata wuri a sama kan buhunan masara."

"Ita ce wannan."

"Wannan? Ko dai ta sha wanki ne ta shige?"

"Ɗanliti, ka ɗauka don Allah, ba ni da bakin wasa yau."

Ya ga fuskata, ya daina dariya. Ya tura buhun ƙarƙashin kujerarsa ya ce hannu da hannu zai ba shi.

Gab da magariba wayata ta yi ƙara. Ban gama sallama ba na ji muryar Sabi'u, irin wadda ban taɓa ji ba. "Inna, me na yi muku? Me na yi muku?" Ya kashe. Na kira, bai ɗauka ba. Na sake kira, an kashe wayar gaba ɗaya.

Nomau yana alwala a bakin rariya. Ya ce, "Ta isa? Wuyan bai karye ba ko?"

Na ce, "Bai karye ba."

Ya ce, "Alhamdulillahi," ya ci gaba da wanke ƙafa.

Asabar ta waye. Na ɗora tukunya na manta ban sa gishiri ba. Uwar Hashimu ta biyo ta ƙofar gida ta ce ɗanta ya kira, gobe za su koma rami, wai har da sabon mutum suke sa rai. Ban tambaye ta ko wane ne ba. Na sa wayar a kan dardumata, in na yi sujada tana gefen goshina. Azahar ta wuce. La'asar ta yi, na idar, ina zaune ban tashi ba, sai ta yi ƙara.

Ba magana na fara ji ba. Wani gurnani ne can ƙasa, wayar tana karkarwa a kunnena kamar hadari yana haɗuwa daga nesa. Ya yi ta tafiya bai yanke ba. Sannan aka tsaya, na ji dariyar maza, na ji Sabi'u.

"Inna, kin ji ta?"

Na ce na ji.

Ya ce tun safe yake zaune a ƙasa a ɗakin da suke gwaji, da tarkace a gabansa, bai san ta inda zai fara ba. Oga Gyang ya shigo ya tsaya a kansa ya ce, "Kai yaro, jita na ce ka zo da ita ko itacen girki?" Har ya juya zai fita, sai ya dawo ya tsuguna, don mutum ne da ba ya iya ganin kayan kiɗa a wargaje ya wuce. Akwai wani baƙin abu da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi, shi ne mai ɗaukar sauti ya kai wa amfilifaya. Ba wanda ya taɓa tunanin ɗaga shi, ko Sabi'u ko Lurwanu. Yanzu da sukurorinsa suka fita yana lilo a jikin wayoyinsa. Oga Gyang ya ɗaga shi da yatsa, ya leƙa ramin, ya yi tsaki.

Gidan zanzaro ne a ciki. Dunƙulen laka kamar ɗan ƙaramin tulu, an gina shi daidai kan wayoyi biyu inda robarsu ta zazzage. In iska ta bushe, jita ta yi lafiya. In damshin damina ya shiga lakar, sai ta haɗa wayoyin, murya ta ɗauke. Da bakin cokali suka kankare shi, suka naɗe wayoyin, suka zauna su biyu suka mayar da komai wurinsa. Sabi'u ya kaɗa waƙoƙin duka, har da ta rawar nan. Ko sau ɗaya ba ta yi tari ba.

"Oga ya ce da a haɗe ta zo, da ta mutu a tsakiyar waƙa ya sallame ni. Ya ce in kawo jakata gidansa, akwai biki a Bukuru mako mai zuwa."

Na ce, "Su Hashimu fa?"

"Na ce musu su tafi, Inna. Ba ni Yaya."

Nomau ya goge hannu a riga ya karɓa, ya riƙe wayar nesa da kunne yadda ya saba.

"Yaya, da ka buɗe ta, ka ga gidan zanzaro a ciki?"

"Na gani."

"Ka gani? To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na gwada shi. Ba ya murɗuwa."

Sabi'u ya fara dariya, dariyar ta yi tsawo, ta karye, ta koma wani abu da ba dariya ba, yana jan numfashi yana son ya yi magana ya kasa. Nomau ya saurara, ya girgiza wayar, ya sake saurara. Ya juyo gare ni da damuwa a fuska, ya kifa wayar yana duba bayanta.

"Inna, ita ma ta fara ɗaukewa. Ina wuƙar nan?"

Na karɓe wayata da hannu biyu.